Mai Waƙa Nan Take, Daga Rumbu Yake Ɗiba

 

A makon jiya wata uwa daga Runka, cikin ƙaramar hukumar Safana ta Jihar Katsina, ta aiko mini da saƙon murya. 'Yarta mai shekara 12 Allah Ya ba ta murya, kuma duk waƙar da ta ji sau biyu ta zauna mata. Wannan ya sa malamarsu ta Islamiyya ta zaɓe ta ta ja waƙar walimar sauka. Ranar gwaji sai malama ta ce ta ƙara baitoci daga kanta, ta ambaci sunayen masu sauka ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ta buɗe baki, ko kalma ba ta fito ba. Ƙawaye suka yi dariya, ta dawo gida da kuka, ta ce ita ta bar waƙa tunda ba ta da baiwa. Walima kuwa saura wata biyu. Tambayar uwar ita ce: tsara waƙa nan take abu ne da ake koyo, ko sai wanda aka haifa da shi?

Baiwa gaskiya ce. Allah Yana fifita wani a kan wani wajen murya da kaifin kunne. Amma abin da ya gagari yarinyar nan ana koyonsa, kuma akwai hanyar koyo da ta fi wata sauri. Duk wanda kika ga yana zubo baiti nan take, ɗiba yake yi daga rumbun da ya daɗe yana cikawa. Yau za mu duba yadda ake cika wannan rumbu.

Makarantar da ta watse

Wadda duk ta tashi a karkara ta san dandali. Bayan isha'i, musamman in akwai farin wata, 'yan mata kan taru a yi gaɗa. Ƙaramar yarinya daga gefe take farawa, tafi kawai take yi. In ta ɗan tasa ta shiga amshi, ta yi shekaru tana maimaita layi ɗaya bayan zabiya. Wata rana muryar zabiya ta gaji, a ce wance ja mana. Ta ja baiti ɗaya, ta yi tuntuɓe, a yi dariya, gobe ta sake. Haka waƙar niƙa, da ta daka, da ta daɓe, da ta reno. Su ma samari suna da tashe cikin azumi. Babu wanda ya kira wannan darasi, amma kowane dare atisaye ne.

A Runka da Batsari da sauran garuruwan da ke bakin dajin Rugu, shekarun rashin tsaro sun sa uwa ba ta sakin 'yarta waje da dare, kuma tana da gaskiya. Gidaje da yawa sun yi ƙaura, ƙawayen wasa sun rarrabu. Injin niƙa ya ɗauke waƙar niƙa, siminti ya ɗauke ta daɓe. Waya ta shigo ta cika kunnen yara da waƙoƙi, amma ba ta taɓa ce wa yaro ja mana ba. Yarinyar Runka kunnenta ya ƙoshi, bakinta ne bai taɓa samun layi ba. Abin da dandali ke bayarwa kyauta a da, yanzu sai an zauna an shirya shi a tsakar gida.

Yadda Shata yake samun sararin tunani

In ana maganar waƙa nan take a ƙasar Hausa, sunan da ke fara zuwa shi ne na Dokta Mamman Shata, ɗan Musawa a nan Jihar Katsina, wanda aka haifa a 1923 ya rasu a 1999. An san shi da ganin abu ya waƙe shi a wurin. Amma masu tarihinsa sun nuna cewa shi ma a dandali ya fara, yana waƙa cikin samari don nishaɗi, ba kuɗi ba komai, ga kuma tallan goro da ya shigar da shi kasuwanni yana jin bakin mutane iri-iri. Kafin duniya ta san shi ya daɗe yana tarawa.

Ki sa kowace waƙarsa ki saurara da kunnen mai koyo. Za ki ji kalangu yana zagaya kari ɗaya. Za ki ji 'yan amshi suna dawo da layi ɗaya. Masana waƙar baka irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero suna kiran wannan layi gindin waƙa, baitocin da jagora ke sakawa tsakani kuma ɗiyan waƙa. Gindi ba ya motsi, ɗiya ne ke sauyawa. Daƙiƙun nan da 'yan amshi ke rera gindi su ne jagora ke numfasawa a ciki ya ɗauko ɗa na gaba. Kuma ba daga iska yake ɗauko shi ba. Yana da ajiyayyun hanyoyin gaisuwa, da na jero asalin mutum, da na lissafa garuruwa, da karin magana, da kirari, da kiran makaɗansa. Sabon abu shi ne yadda ya haɗa su a wannan rana don wannan mutum.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, da ya rasu a 1991, da amshi ya fara a ƙungiyar mahaifinsa, ya ci gaba a bayan yayansa, kafin ya zama jagora. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, kiɗan ƙwarya na amada ta tarar mata suna yi a gidajen biki, a cikinsa ta goge har ta fita daban. Tsarin ɗaya ne: a ji, a amsa, sannan a ja.

Can Amurka ma haka ne

Akwai wani kiɗa da ake kira jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, suka ƙago a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Ginshiƙinsa shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗa kan fara da kari ɗaya da kowa ya sani, sai kowa ya karɓa bi da bi ya yi nasa a kai, a ƙarshe a dawo kan karin farko. Gindi da ɗiya ke nan, sai dai su da busa da kiɗa suke yi fiye da baki. Kusancin har ya jawo ɗaya daga cikin manyansu, Yusef Lateef, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani. Jami'ar nan ce kuma ta ba Shata digirin girmamawa a 1988.

Na kawo maganar jaz ne don su sun rubuta yadda gwanayensu suka koya, kuma akwai labari ɗaya da ya kamata yarinyar Runka ta ji. Charlie Parker, wanda ya rayu daga 1920 zuwa 1955, ana sa shi a sahun farko na mabusan jaz. Abin busarsa saksofon ne, wani dogon abin busa na ƙarfe. Yana matashi ya shiga cikin manya a wani gidan kiɗa a Kansas City, ya fara busa, ya ɓace a tsakiya. Mai ganga, Jo Jones, ya cire faifan ƙarfen gangarsa ya wurga a gabansa, alamar ya sauka. Jama'a suka yi dariya. Parker bai bar busa ba. Ya tafi da fayafayen wani gwani mai suna Lester Young, ya riƙa sa su yana bi har ya haddace busar sauti bayan sauti. A wata hira ta rediyo a 1954 ya ce ya yi shekara uku zuwa huɗu yana atisayen awa 11 zuwa 15 a rana.

Bayan mutuwarsa wani manazarci, Thomas Owens, ya zauna ya rubuta busarsa kusan 250 ya tsefe su, ya kammala aikin a 1974. Ya tarar cewa wannan mutum da ake cewa ba ya maimaita kansa, da ƙananan guntaye kimanin 100 yake gina yawancin busarsa, yana juya su yana haɗawa. Wato shi ma rumbu gare shi.

Yawan awa kaɗai ba ya yi

Kada awa 15 ta tsorata ki. Ba wanda ya ce 'yarki ta bar makaranta da aikin gida. Abin lura shi ne irin aikin da ake yi a cikin lokacin.

A 1993 wani masanin halayyar ɗan Adam, Anders Ericsson, da abokan aikinsa suka yi nazarin ɗaliban goge irin na Turawa a wata makarantar kiɗa ta birnin Balin a Jamus. Waɗanda suka fi ƙwarewa, kafin su cika shekara 18 sun tara sama da awa 7,000 na atisaye su kaɗai. Masu bi musu sun tara kimanin 5,300, na ƙasa kuma kimanin 3,400. Atisayen da aka ƙirga shi ne wanda mutum ke zama ya tunkari inda yake da rauni, ya maimaita, ya gyara. Kuma ba sa yin sa a miƙe yini guda, suna yi suna hutawa.

Saboda haka yaron da ya yini da abin saurare a kunne ba atisaye yake yi ba, nishaɗi yake yi. Haka yarinyar da ke rera waƙar da ta riga ta iya daga farko zuwa ƙarshe sau goma tana wanke-wanke. Daɗi ne, amma ba ya ƙara mata komai, don ba ta taɓa inda ke yi mata wuya ba.

Mu da muka yi makarantar allo mun san wannan dabara, ko da yake karatun Alƙur'ani ya fi ƙarfin a haɗa shi da waƙa, hanyar koyon kawai nake nufi. Ba a rubuta wa yaro izu guda a allo. Kaɗan ake rubutawa, ya biya, malam ya gyara, ya maimaita har ya zauna, sannan a wanke a ƙara. Gobe kuma a waiwayi na jiya. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Minti 20 a tsakar gida

Ga tsarin da nake ba da shawara. Minti 20 ne a rana, a lokaci ɗaya kullum, ko bayan la'asar ko kafin barci. Minti 20 sau shida a mako sun fi awa biyu ranar Asabar kaɗai, don abin da aka koya yana ƙara zama bayan an yi barci a kansa.

*Minti biyar na farko: sauraro da amshi.* Ki zaɓi waƙa ɗaya tak wadda kika yarda da kalmominta, ku zauna a kanta mako guda. Ki sauke ta a waya don kada ku dogara da data ko sabis. Mutanen Safana da Batsari ba su manta 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a yankin na tsawon watanni. Yarinya ta saurara tana tafi, ta rera gindin kawai duk lokacin da ya zagayo. Abin da ake nema shi ne ta san daidai inda jagora ke shiga da inda yake fita, har jikinta ya riƙa ji ba tare da ta ƙirga ba. Wadda tafinta ke kuɓucewa kada a wuce da ita gaba, don duk abin da za a ɗora a kan tafin nan zai zauna.

*Minti biyar na biyu: guntu ɗaya, a hankali.* Ku ɗauki ɗa ɗaya daga cikin waƙar, layi biyu ko uku. Ta kwaikwaye shi daidai, har inda mai waƙar ya ja numfashi da inda ya karya murya. In yana da sauri, YouTube yana da wurin rage gudu zuwa 0.75 ko 0.5. In babu, ki rera mata da bakinki sannu-sannu. Inda ta yi tuntuɓe, nan za a tsaya. Kada a koma farko, a maimaita wurin tuntuɓen kaɗai sau biyar. Wanda ya koya da sauri da kuskure, kuskuren ya haddace.

*Minti biyar na uku: sauya abu ɗaya.* Nan ne ƙirƙira ke farawa, kuma nan ne aka tsallake wa yarinyar Runka. An ɗauke ta daga haddar waƙar wani an ce ta yi tata gaba ɗaya, kamar a ce wa mai rarrafe ya yi tsere. Ku tsara layi mai sauƙi naku na gida, misali: ruwa ya sauka, mu je gona. Ku rera shi da tafi har ya zauna. Sai ki ce ta cire gona ta sa wata kalma ba tare da tafi ya tsaya ba. Rafi zai shiga lafiya, daji ma haka, don gaɓoɓinsu biyu ne masu nauyi kamar gona. Kasuwa za ta ɗan matse. Makaranta kuwa sai ta cinye gurbin "mu je gona" gaba ɗaya. Kada ki yi mata bayani da yawa, ki bar kunnenta ya gano wace kalma ce ta zauna, wace ce ta yi tsalle. In kalma ɗaya ta yi sauƙi, a sauya biyu. Daga nan a sauya rabin layi. Daga nan ke ki ja rabin farko, ita ta ƙarasa.

*Minti biyar na ƙarshe: sakin baki.* Ke da ƙannenta ku zama 'yan amshi, ita jagora. Ta waƙe duk abin da idonta ya gani: akuya, murhu, bokiti, takalmin baba. Doka ɗaya ce, tafi ba ya tsayawa, kuma ba mai gyara mata. Ko shirme ta faɗa a amsa mata. Akwai dalili. A 2008 wasu likitoci biyu a Amurka, Charles Limb da Allen Braun, suka sa makaɗan fiyano shida na jaz cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna kiɗa. Suka ga cewa lokacin da makaɗi ke ƙirƙira nan take, sashen ƙwaƙwalwar da ke sa ido yana tuhumar mutum yakan lafa. In kina tsayar da ita kowane layi kina cewa ba haka ba, wannan mai tuhumar kike tasowa, shi ne kuma ke ɗaure harshe. Gyara yana da lokacinsa a minti goma na tsakiya. Waɗannan biyar na sakewa ne.

Sau ɗaya a mako ki ɗauki muryarta a waya, ku saurara tare. Ki fara tambayarta ina ne ya yi mata daɗi, ina ne take so ta gyara. Abu ɗaya za ku zaɓa, shi ne aikin mako mai zuwa. Ki ajiye ɗaukar farko kada ki goge. Ranar da ta ce ba ta ci gaba, ki sa mata ta ji da kunnenta.

Abin da ake zubawa a rumbu

Kari kaɗai ba ya yin waƙa, sai da kalmomi. Yaron da Hausarsa ba ta wuce ta aike da ta finafinai ba, ko ya iya kari zai rasa abin sakawa. Wannan ɓangaren ba ya bukatar zama na musamman. Kuna tsinke zogale ki ce ta kawo kalmomi goma masu ƙarewa da "-ra", gobe masu ƙarewa da "-na". Ki ba ta karin magana ɗaya kowace rana ta nemo inda za ta yi amfani da shi kafin dare. Ta jero garuruwan da ke kewaye da ita: Runka, Safana, Batsari, Ruma, Dutsinma, Ɗanmusa. Ta san sunayen hatsi, da na itatuwa, da na kayan saƙa da na kitso. Tatsuniya da kacici-kacici da karin-magana duk hatsin wannan rumbu ne.

Ga masu matsala irin ta walima, sunaye ma ana shirya musu gurbi. A karɓo jerin sunayen masu sauka tun yanzu, a kasa su bisa tsawo. Masu gaɓa biyu kamar Binta da Hauwa gefe guda, masu uku kamar Hadiza da Rukayya gefe guda, dogaye kamar Ummulkhairi su ma daban. Kowane kashi a yi masa layi ɗaya da yake zama a ciki daidai. In suna ya gaza cika gurbi a ƙara masa ɗan abin da zai cike, kamar 'yar malam ko ta gidan liman. Yarinyar da ke da irin waɗannan layuka uku a ka, ko an miƙo mata sunan da ba ta zata ba ranar taro, ta san inda za ta ajiye shi. Jama'a za su ce nan take ta yi, kuma gaskiya ne, amma an fafe gorar tun kafin ranar tafiya.

Wata biyun nan ana iya kasa su haka: mako biyu na farko a ƙarfafa tafi da amshi, mako biyu a kan sauya kalma, mako biyu a kan sunaye, mako biyun ƙarshe a yi a gaban mutane. A fara da kaka da ƙanne, sai maƙwabta biyu, sai ƙawayen aji uku. Idon jama'a ma sabo ake yi da shi kaɗan-kaɗan.

In kai ya ɗauke a tsakiyar taro

Zai faru, don yana faruwa ga manya. Bambancin gwani da ɗan koyo shi ne gwani ya san mafaka. Ki koya mata abu biyu. Na farko, in baiti ya ƙi zuwa ta koma gindi, ta rera shi tare da 'yan amshi sau ɗaya ko biyu har numfashi ya dawo. Mai sauraro ba zai san komai ya faru ba. Na biyu, ta riƙe baitocin ajiya guda uku da suka dace da kowane wuri, kamar godiya ga Allah, da gaida malamai, da addu'a ga iyaye. Ku yi gwajin wannan da gangan a gida: tana cikin ja ki ɗaga hannu, alamar ta manta, ta koma gindi ta sake fitowa. Wadda ta san hanyar fita ba ta cika firgita ba, wadda ba ta firgita ba kuma ba ta cika mantuwa ba.

Ga masu ɗari-ɗari

Na san cikinmu akwai wadda za ta ce ita ba ta son 'yarta ta zama mawaƙiya. Wannan damuwa tsohuwa ce, mahaifin Shata kansa bai so ɗansa ya yi waƙa ba. Kowane gida da iyakarsa, kuma uwa da uba ne ke shata ta: wace waƙa za a ji, a ina za a rera, a gaban wa. Amma ki lura da abin da minti 20 ɗin nan ke ginawa. Yaro ne zai iya tsayawa gaban mutane, tunani ya zo masa a kan lokaci, in ya yi tuntuɓe ya miƙe bai rushe ba. Wannan shi ake nema a muhawarar makaranta, da gaban masu tantance ɗalibai, da aji in ta zama malama, da ɗakin awo in ta zama ma'aikaciyar jinya mai wayar da kan mata, har da zaman sulhu a gidan aure. In ba kya son waƙa sam, ki cire karin ki bar sauran: ta saurari mai iya magana, ta kwaikwayi guntu, ta sauya abu ɗaya, sannan ta yi minti biyu tana magana a kan abin da kika nuna mata ba tare da an katse ta ba.

Masu samari kuma da ke matsa muku a ba su kuɗin situdiyo, ga ma'auni mai sauƙi. Ki ba shi gindi ɗaya, ki yi masa tafi, ya kawo ɗiya biyar nasa a kan abin da ke tsakar gidan ba tare da ya faɗi daga kari ba. In ya yi, a zauna a yi magana. In bai yi ba, kuɗin ya tsaya a aljihu, ya koma minti 20 ɗinsa. Na'ura tana gyara murya, amma ba ta zuba wa kowa abin faɗa.

Aikin wannan mako

Abu biyu nake roƙo. Na farko, ki gwada minti 20 ɗin nan kwana shida a jere da yaro ɗaya, ki ɗauki muryarsa ranar farko da ranar ƙarshe. Na biyu, in akwai tsohuwa a gidanku ko maƙwabta da ta yi gaɗa ko niƙa ko daɓe a zamaninta, ki kai mata goro ki roƙe ta ta rera miki uku, ki ɗauka a waya, ki tambaye ta a wurin wa ta koya. Waƙoƙin nan an gina su ne don a amsa a kuma ƙara, shi ya sa babu abin da ya fi su dacewa da ɗan koyo, kuma yawancinsu ba su cikin intanet, suna bakin tsofaffin nan ne kawai.

Ku rubuto a ƙasa ku gaya mana yadda aka kwashe: wane mataki ne ya yi wa yaranku wuya, wace dabara kuka ƙara taku. 'Yan'uwa na Safana da Batsari da kewaye, Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa, Ya raya mana zuri'a bisa tarbiyya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.